Takun Masu Gaisuwar da Ba Su Zo Ba

Ƙannena da ke karatu a kwalejojin garin nan sukan tare ni a shagon mamak, wurin shan shayi da cin abinci na unguwar Taman Melati a nan ƙasar Malayawa, su ce, Anti Rumasa'u, ki shigar da mu wurin aikin nan naku, ai taka ƙasa ne kawai. Wani ma ya miƙo mini wayarsa, ya ce cike take da sautin taku iri-iri, kyauta ya sauke. Na ce ya danna ɗaya in ji. Da ya danna, na tambaye shi ko mai takun nan ya ci abinci, da inda za shi, da ko akwai wanda yake tsoron ya ji shi. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Wannan rubutun nasu ne.

Idan ana ɗaukar fim, makirufo bakin 'yan wasa yake bi. Sauran abubuwan da kunne ke ji, taku da motsin riga da ajiye kofi da kukan kujera, yawancinsu daga baya ake yin su, a ɗaki rufaffe, da hannu da ƙafa. Mutum yana kallon allo, yana taka abin da ɗan wasa ya taka, a daidai lokacin da ya taka. Sana'ata ke nan shekara bakwai. Idan na yi aikina da kyau, babu wanda zai san na yi.

Ranar da na fara zuwa, ina ɗalibar digiri na biyu a jami'ar da ke unguwar Lembah Pantai. Kak Ros, mai wurin, Bamalayiya ce gajera mai furfura a gira. Ba ta nemi takardun karatuna ba. Ta kalli koren fasfona, ta kalle ni, ta murɗa makullin durowarta a gabana ta jefa shi aljihu. Sannan ta ce in yi tafiya daga ƙofa zuwa bango, ta rufe ido. Da na isa bangon ta ce takuna na mai mafarki ne, diddigena ba ya sauka gaba ɗaya, amma na tsaya cak lokacin da famfon banɗaki ya ɗiga, kuma wannan ne ya sa za ta gwada ni.

Wata takwas na yi ban taka wa kowa ko taku ɗaya ba. Shara nake yi. A tsakiyar ɗakin akwai ramuka biyar, na siminti, na katako, na tsakuwa, na yashi, na tayil, kuma tsakuwa ɗaya idan ta faɗa ramin katako ta ɓata aikin yini. Ina goge takalma, ina jera su bisa shekaru da hali: na sojoji, na 'yan makaranta, na tsoffin da diddigensu ya ci gefe ɗaya. Duk daga gwanjo muke tsinto su. Sabon takalmi ba ya magana, sai wanda ƙafa ta daɗe a ciki. Kullum da yamma Kak Ros na bin jerin takalman da ido, tana duba ko wani takalmi ƙafa ɗaya ya bi ni gida.

Akwai abubuwan da waya ba za ta gaya muku ba. Kafin a fara ɗauka ana kashe na'urar sanyaya ɗaki, sai ka yi ta taka dusar ƙanƙara kana jiƙe da gumi. Dusar ƙanƙarar kuwa sitacin masara ne a jakar fata, ana matsa shi a hankali. Na tsallake da sojoji da marayu ta cikinta sau da yawa, amma har yau ban taɓa ganinta da idona ba. Ba a shiga da yunwa, domin makirufo yana jin kukan ciki. Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, idan zai wuce, tafin ƙafa ke fara sani kafin kunne, sai a dakata. Akwai kuma tsaka guda da ke zaune bayan allo, wadda ba ta kuka sai an kai wurin da ya fi wuya.

Masu kawo mana aiki yawancinsu daga Turai suke, kuma ba su yarda da mu ba. Suna son arahar aikinmu, suna tsoron kada fim ya fita kasuwa ta hannunmu. Saboda haka ba sa turo shi ɗungurungum. Sai su yanka shi gida goma, su wanke launinsa, su cire muryoyin 'yan wasa, su rubuta sunan mai aikin da manyan baƙaƙe a tsakiyar hoton, don idan ya ɓulla a waje a san wuyan wanda za a kama. Na sha taka wa mace taku alhali sunana na rubuce a goshinta. Kuma ba a jere suke turo yankunan ba. Wanda suka ga dama shi ke fara zuwa.

Mutanenmu ma ba su yarda da aikin ba. Anti Ladi, 'yar garinmu da ke sayar da atamfa da dambun nama a wajen titin Jalan Masjid India, ita ta naɗa kanta mai sa mini ido a madadin Ummata. Duk lokacin da na je sai ta sake tambaya.

“Ɗaki ba taga, a kashe fanka, budurwa ta sa takalmin maza tana zagaye. Rumasa'u, ki gaya mini gaskiya tun ban kira Kano ba.”

Shekarar korona ta kusa kashe wurin. Ba a ɗaukar fim a ko'ina, saboda haka babu abin da za a taka. Mu huɗu ne masu taku, ɗaya ya koma ƙauyensu, biyu suka hau babur suna kai wa mutane abinci. Na rage ni kaɗai da Kak Ros. Izinin zamana a ƙasar nan da sunan wurinta aka buga shi, idan ta rufe ƙofa sai filin jirgi. Da abubuwa suka fara motsi, aiki ɗaya ne ya shigo mai ɗan nauyi, daga wata darakta da ake kira Madam Ilona. Kak Ros ta gaya mini a fili cewa idan wannan matar ta tafi da aikinta, za ta sayar da makirufo ta je ta kula da mahaifiyarta.

Layi ɗaya aka rubuto mana game da fim ɗin: labarin wata Bayahudiya ce da ta tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi a yaƙin duniya na biyu, da yadda ta rayu bayan yaƙin. Kak Ros ta ce kada in yi zancensa a waje, ba ta son tambayoyi. Yanki na tara ne ya fara isowa. A makon ne jikin mahaifiyarta ya tashi, ta tafi gida, kuma a karon farko cikin duk shekarun nan ta ajiye makullin wurin a tafin hannuna. Ta daɗe ba ta saki ɗaya gefen ba.

Ga abin da na gani a allo. Tsohuwa tana zaune a kan 'yar guntuwar kujera, kusan a ƙasa. Babu takalmi a ƙafarta, sai safa. An lulluɓe madubi da zane. Kyandir yana ci a kan tebur, kusa da hoton wani tsoho. Ƙofar ɗakin a buɗe take, amma kyamara ba ta nuna abin da ke bayanta, sai gefen matakala. Hasken taga yana canjawa, ana nuna kwanaki suna wucewa. Sau uku tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi ƙofar, ta ɗan gyara zama, ta mayar da kai. A takardar aikin an rubuta: abin da ke wajen hoto, mai sauti ya duba abin da ya dace.

Ban yi shakka ba ko kaɗan. Mijinta ya rasu, tana zaman makoki. Na san wannan ɗakin, na zauna a irinsa lokacin da kakana ya rasu. Mace a ƙasa, babu ado, ƙofa a buɗe. A wurinmu idan ƙofar gidan rasuwa tana buɗe, to ƙafa ce ta hana a rufe ta. Na ɗauka darakta ta bar masu gaisuwa a wajen hoto ne don ta tsare ido a kan fuskar matar, ta bar mini in kawo su.

Na kawo su. Kwana uku ina hawa matakalar nan a ramin katako. Na hau da takalmin tsoho mai sanda, na hau da na mace mai jiki da ke hutawa a kowane hawa na biyar, na hau da na yara biyu da aka ce su yi a hankali. Na sa karkaɗe ruwan sama daga riguna, na sa jan kujeru a ɗakin da ba a gani. Babu murya ko ɗaya, ƙafa ce kawai da tufafi. A duk wurin da ta ɗaga kai, na tsayar mata da mutum a bakin ƙofa. Abu ɗaya ya rage, ƙarar kwanon abinci, domin ba a zuwa gidan makoki hannu biyu. Kwanukan wurinmu duk na roba ne da gilashi. Na tuna da tsoffin samirun Anti Ladi masu murfi.

Da na je aro, Anti Ladi ta tambaye ni wa ya rasu. Na ce a fim ne. Ta tambaya ko Musulma ce, na ce Bayahudiya ce. Ta ajiye almakashinta, ta ce wa ke biyan a yi irin wannan fim ɗin a wannan lokacin, kuma me ya sa sai 'yar mutane aka samu ta taka musu. Na ce ban sani ba, ni ƙafa kawai aka ba ni. Ta ɗauko samira biyu, ta riƙe su tana kallona.

“Ko na waye, gidan rasuwa ne. Ba a dangwarar da kwano. A hankali ake ajiyewa, gefe ɗaya ya fara taɓa ƙasa. Kuma ki dawo mini da murafuna.”

Haka na ajiye su, gefe ɗaya kafin ɗayan. Na saurari aikin daga farko zuwa ƙarshe, na ce ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Na tura.

Amsar ta zo washegari, layi biyu. A dakatar da komai. Madam Ilona za ta kira ta bidiyo bayan kwana biyu, kuma tana son ganin wadda sunanta ke kan hoton. Kak Ros ta dawo a motar safe, ba ta ko ajiye jaka ba ta sa hedifon ta saurara. Da ta gama, ta miƙo hannu, na ba ta makullin.

Madam Ilona mace ce mai kimanin shekara hamsin, da gajeren gashi. Ba ta amsa gaisuwa ba. Ta ce ta ƙirga mutum goma sha tara a kan matakalarta, tana so ta san su waye. Na ce dangi ne da abokan arziki.

“Dangin wa?” in ji ta.

Na ce na matar.

Sai ta lissafa mini su, a hankali, kamar mai karanta takarda. Uban matar, uwarta, ƙannenta huɗu, kakanninta, 'yan'uwan uwa, 'yan'uwan uba, ƙawayen makaranta. An loda su a taragun jirgin ƙasa zuwa sansanin gwale-gwale, ita kaɗai ta dawo. Mijin ma shi kaɗai ya rage a nasa gidan. A al'adarsu ana zaman kwana bakwai, ana barin ƙofa a buɗe don mai gaisuwa ya shigo ba sai ya ƙwanƙwasa ba. Matar ta bar ƙofar a buɗe kwana bakwai. Babu wanda ya zo, domin babu wanda ya rage. Fim ɗin gaba ɗaya wannan ƙofar yake nufa. Kuma matar kakarta ce, ita Madam Ilona.

Ta matso kusa da kyamara. Ta ce tun da ta fara aikin nan take samun saƙonni daga mutanen da ke cewa ba a kashe kowa ba, ƙirƙira ce. An gargaɗe ta kada ta kawo aikin ƙasar nan. Yanzu ga shi an tayar mata da matattu an hau da su matakala da kwanon abinci. Tana so ta san ko wani ne ya sa ni.

Kak Ros ta ce ai ita ce ta turo ƙarshen labari ba farkonsa, ba murya, ba launi. Madam Ilona ta ce hoton ya isa ga mai ido. Suka juyo gare ni su biyun.

“Babu wanda ya sa ni, Madam,” na ce. “Ban taɓa ganin mutuwar da ba a zo gaisuwa ba. Ban san ana yi ba.”

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa kayan da ba a tabbatar da ingancinsu ba. Daga ƙarshe ta ce ta ba ni kwana uku in sake. Idan bai yi ba, za ta kwashe aikinta, kuma za ta gaya wa duk wanda ya tambaye ta dalili. Kak Ros ta ce boleh, wato ta yarda, amma da sharaɗi: a turo fim ɗin duka, a jere, da muryoyinsa. Suka yi ta ja, har Madam Ilona ta yarda, bisa cewa a na'ura ɗaya za a kalla kuma wayata za ta zauna a durowa.

Bayan an kashe kiran, Kak Ros ta tambaye ni ko na yi zancen fim ɗin da mutanenmu. Na ce da mai samira kawai. Ta tambaya ko mai samirar tana da wata ƙungiya. Na ce tana da adashi. Ba ta yi dariya ba.

Na kalli fim ɗin da safe, ina zaune a bakin ramin yashi. Matar ce tana yarinya, ta dawo garinsu da kai a aske. Kullum tana zuwa wani bango da ake manna sunayen waɗanda aka samu da rai, tana bin layi da yatsa. A wurin bangon ta haɗu da mijin, shi ma yatsarsa na bin layi. Suka yi shekaru a ɗaki ɗaya a saman bene, suna kwana da takalma a jere kusa da gado. Ɗansu ɗaya ya girma ya yi nisa, bayan teku. Matar ta san takun kowa a gidan, na mai kawo wasiƙa, na maƙwabcin sama, na yarinyar da ke tsallake hawa biyu. Duk wani takun da ba ta sani ba, sai cokali ya tsaya a hannunta. Mace mai irin wannan kunnen na cika wa matakala da baƙi.

Da rana na mayar da samirun. Anti Ladi ta duba murafu, ta tambayi yadda aka yi. Na gaya mata.

“Kwana bakwai? Ko mutum ɗaya?”

“Ko ɗaya, Anti.”

“Maƙwabta fa?”

Na ce na yanzu ba su san al'adar ba, na dā kuwa wasunsu ne suka nuna gidansu. Ta sake ninke atamfar da ta riga ta ninke. Wata mai ciniki ta shigo, ta ce mata ta dawo anjima. Can ta ce in gaya wa jikar tana yi mata gaisuwa, Allah ya ba ta haƙuri. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa kada in kuskura in ba ta lambarta.

Aikin na biyu ya fi na farko wuya, duk da kusan babu komai a cikinsa. Na goge mutum goma sha tara ɗaya bayan ɗaya. Na bar kukan guntuwar kujera, gogar safa a katako, da ɗan ƙarar zane idan ta numfasa. Saura wurare ukun da take ɗaga kai. A na farko na sa bututun ruwa ya yi ƙara a cikin bango, irin wadda kunne mai jira zai iya ɗauka ƙwanƙwasa ce. A na biyu na sa takun maƙwabcin sama, wanda na riga na san takalminsa daga yanki na huɗu. Ya hau, ya ɗan rage sauri a daidai buɗaɗɗiyar ƙofar, ya wuce.

Na uku ya cinye mini yini guda. Na gwada iska, na gwada tsuntsu, na gwada ƙofar wani gida can nesa. Kowanne sai ya ba ta dalilin ɗaga kai, ita kuwa fuskarta a wurin ba ta mai dalili ba ce. Daga ƙarshe na kunna makirufo a kan ramin katako, na tsaya a gefensa da takalmi a hannu, ban hau ba. Na riƙe numfashi har ta mayar da kanta. Tsakar nan ma ranar ba ta yi kuka ba.

Da ta sake kira ta bidiyo, Madam Ilona ta saurara ido a rufe. Da aka wuce na uku ta buɗe ido, ta ce an manta wuri ɗaya, ko kuwa fayil ɗin ya yanke. Kak Ros ta juya mata allon ta nuna mata layin sautin, ga shi nan an ɗauka, siriri kamar zare. Ta tambaye ni mene ne a ciki. Na ce matakalar ce, babu kowa a kanta. Ta sa aka maimaita mata wurin sau uku. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ce a ci gaba da yanki na goma.

Kafin ta kashe na isar da saƙon Anti Ladi. Ta ɗaure fuska, ta tambayi wace ce matar, kuma me take so. Na ce mai sayar da atamfa ce, ba ta son komai, haka ake yi idan an ji rasuwa, ko ta daɗe. Ta ce in maimaita sunan, ta rubuta a takarda. Ban sani ba ko don godiya ne ko don bincike.

Kak Ros ba ta sayar da makirufo ba. Makullin ya dawo hannuna bayan wata biyu, ba tare da wani jawabi ba, na same shi ne a cikin takalmin tsoho mai sanda. Madam Ilona ta sake kawo mana aiki bara. Har yanzu sunana na rubuce a goshin 'yan wasanta, amma a jere yake zuwa, da muryoyi.

To ƙannena, ga yadda za mu yi. Duk mai son shiga ya zo ranar Asabar, ya ci abinci tukuna. Zan zaunar da ƙawata a guntuwar kujera, in buɗe ƙofa, in nuna masa shiryayyun takalma, in ce mijin matar nan ya rasu, sa mata sauti. Wanda ya tambaye ni wa ya rage mata kafin ya miƙa hannu, shi zan kai gaban Kak Ros. Mutum shida na gwada zuwa yanzu. Dukansu yaran kirki ne, 'yan gidan mutunci, kuma duk takalmin suka fara ɗauka.